Tikitin Burusal zuwa Marsai

Shekara goma sha ɗaya na yi ina yanka wa mutane tikitin jirgi a wani ɗan ofishi da ke Sultana, a Madina. Duk tsawon nan, ni kaina jirgin da na hau bai wuce na zuwa gida Damagaram da dawowa ba, shi ma sai bayan shekara bibbiyu. Ofishin tebur uku ne da na'urar sanyi mai yawan tari. Hagu da mu mai gyaran rediyo ne, dama kuma mai sayar da wake da gurasa. Ɗakina yana sama a bene na biyu, ni kaɗai, domin iyalina suna gida. Takardar zamana ba irin wadda ake kawo mata da 'ya'ya da ita ba ce.

Mai ofishin ɗan ƙasa ne, amma kakansa daga Katsina ya tako da ƙafa ya zo aikin hajji ya zauna. Yana jin Hausa sarai, sai dai ka yi masa ita ya mayar maka da Larabci. In ya so tsokanata sai ya ce min sannu da aiki, ya ja ta har ta yi tsawo, ya yi dariyarsa shi kaɗai. In ba lokacin alhazai ba ne, kusan Hausar da nake ji ido da ido ke nan a mako.

A lokacin akwai wani littafi da muke aiki da shi, kaurinsa kamar bulo, rubutunsa ƙanana. A ciki an jera biranen duniya bibbiyu, da yawan mil ɗin da ke tsakaninsu ta sama. In mutum zai ratsa garuruwa uku ko huɗu, sai ka buɗe ka haɗa, ka ga ko hanyar za ta shiga tikiti ɗaya. Daga baya na'ura ta karɓe aikin, amma ni ban saki littafin ba. Bayan azahar in kasuwa ta mutu, nakan buɗe shi haka nan ina bi da yatsa. Na san tsakanin Rum da Atina, na san tsakanin Landan da Faris bai fi daga nan zuwa Makka ba in ka miƙe ta sama. Garuruwan da ban taɓa gani ba, ban kuma sa ran gani ba. Wani tantabara yake kiwo don ya rage kaɗaici, ni abin da na kiwata ke nan.

Mu uku ne muka rayu a 'ya'yan Inna, duka maza, ni ne na tsakiya. Yaya yana Burusal ta Beljiyam, yana aiki a gidan wankin kayan otal. Auta yana Marsai, kudancin Faransa, yana sauke kaya a kasuwa. Yaya ne ya fara tafiya, shi ya ja Auta, ya riƙe shi shekara biyu a ɗakinsa. Daga baya Auta ya gangara Marsai neman aiki, ya ga wata yarinya 'yar Komoro, ya aure ta. Yaya a bakin wani direba ya ji labarin. To, tun rasuwar Baba shi ne ubanmu, shi ya kamata ya je neman auren, ko aƙalla ya wakilta wani. Ya ce tunda yaro ya girma har ya zama uban kansa, Allah ya ba da sa'a. Auta kuma ya ce ya buga waya sau biyu bai same shi ba, kuma shi ba zai yi ta bin mutum kamar mai roƙon gishiri ba. Shekara huɗu ba wanda ya ji muryar wani.

Ni suke kira, a wayar ofis, don ba ni da wata. Yaya ran Lahadi, ranar hutunsa. Zai tambayi zafin Madina, ya tambayi iyali, sai can ya ce, "Wancan yaron fa, yana nan da rai?" Auta kuma ba shi da rana, daga rumfar waya ta bakin titi yake bugowa, da kati mai saurin ƙarewa. Shi nasa salon, "Mutumin naka lafiya yake?" Nakan yi musu faɗa, in ce ni ba gidan waya ba ne, kowa ya ɗauki saƙonsa ya kai da bakinsa. Amma gaskiyar magana ina jin daɗin abin. Wayoyin nan biyu su ne makona. In na ajiye kan wayar nakan yini ina maimaita hirar a raina, har da abin da ya kamata in ce ban ce ba.

Wata shekara Inna ta zo umarar azumi, ta sauka a ɗakina. Bayan salla ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Wata rana da la'asar na hau na kai mata kunu, tana kishingiɗe a katifa, fanka tana kaɗa mata gefen mayafi. Ta ce, "Kai da ka san hanyoyin jirgi, tsakanin yayanka da ƙanenka akwai nisa ne?"

Na sauka na ɗauko littafin, ina jin kaina wani malami. Na buɗe na ce, "Inna, mil ɗari biyar ne da 'yan kai."

Ta ce, "Ni ina na san mil? Faɗa min da Hausa."

Na ce, "Kamar daga Damagaram zuwa Yamai a mota, ko ma bai kai ba. A jirgi awa biyu ba ta cika."

Ta daɗe tana kallon bango. Sannan ta ce, "Ni nan ina cewa teku ce a tsakaninsu. Ina ta ba su uzuri." Ta ajiye kofin ba ta sha ba. Ta ce, "Ka haɗa min su. Kai ne suke jin maganarka. Na ɗora maka."

Kwana tara bayan nan ta rasu. Aka yi mata salla a Harami, aka kai ta Baƙi'a. Mutane suna ta cewa ta yi dace, kuma ta yi, amma ni da na koma ɗaki na ga takalmanta a bakin ƙofa, ban ji dacen ba sai daga baya. Yaya ya yi kuka a waya, Auta ya yi kuka a waya, kowa daban. Ko ta'aziyya ta bakina suka yi wa juna.

Na gaya wa kowannensu abin da ta ce. Yaya ya ce, "Ƙofata a buɗe take. Ƙarami ke zuwa wurin babba, haka muka taso muka gani." Auta ya ce takardunsa suna hannun hukuma ana sabuntawa, ba zai iya ƙetare iyaka ba. Na ce to waya fa, ita ma sai da fasfo? Ya ce, "In na buga ya kashe a kunnena fa?" Haka muka ci shekara guda. Duk ranar da na wuce ta gefen katangar Baƙi'a sai in sunkuyar da kai kamar wanda aka aika ya tsaya wasa a hanya.

Ana nan sai matar Auta ta haihu, mace. Ya bugo ya ce sunan Inna zai sa mata, suna ran Asabar. Na ce, "Madalla. Yanzu ka ajiye wannan ka kira Yaya." Ya ce, "Ka gaya masa kawai." Na fara zazzaga masa, na ce shi wane irin taurin kai ne wannan, sai katinsa ya ƙare. Na tsaya riƙe da kan waya ina huci.

A nan dabarar ta zo min. A aikinmu akwai tikitin da ake biya a wani gari a karɓa a wani. Ka cika takarda a nan, a aika saƙo ta na'ura zuwa ofishin kamfanin jirgi na can, mutum ya je da fasfonsa ya karɓa. Na yi wa mutane irinsa ba iyaka. Na duba na ga akwai jirgin safe daga Burusal zuwa Marsai ran Asabar ɗin. Na kama wa Yaya kujera, har ta gefen taga na zaɓa masa, dawowa ran Litinin. Shi ke da takardu cikakku, shi ke da hutun ƙarshen mako. A littafina, daga Burusal zuwa Marsai da daga Marsai zuwa Burusal lamba ɗaya ce, kuma na daɗe ina kallon wannan har na fara ɗauka haka abin yake a wurin mutane.

Mai ofishin ya leƙo ya tambaye ni na wa ne. Na ba shi labari a gurguje. Ya cire tabarau ya dube ni, kuma ranar da Hausa ya yi min magana, tasa mai ɗingishi. Ya ce, "Babba ba ya zuwa. Sai an kira." Na ce masa da Larabci ya bar min wannan, mutumin da bai iya gaisuwar safe ba shi zai koya min al'adar gidanmu? Ya ɗaga kafaɗa ya koma teburinsa.

Ai na san sai an kira. Shi ya sa na yi ƙarya. Ban jira Lahadi ba, na buga wa Yaya da kaina. Na ce an yi haihuwa, an sa sunan Inna, kuma Auta ya aika masa tikiti, tikitin yana ofishin jirgi yana jiransa. Na ce kunya ce ta hana shi bugowa, ya rasa da wane baki zai fara.

Yaya ya yi gyaran murya ya ce, "Shi da kansa?"

Na ce, "Shi da kansa, Yaya."

Ya ce, "To. Ashe ya san da ni." Ya tambaye ni me ake kai wa jinjira yanzu, sai kuma ya ce bari, matarsa ta sani. Rabon da in ji muryarsa da laushi haka tun muna yara, lokacin da yake goya Auta zuwa kasuwa.

Da Auta ya sake bugowa na ce masa Yaya ya ji an sa sunan Inna, zuciyarsa ta karye, ya yanki tikiti da kansa, don haka shi Auta ya je ya tarye shi ran Asabar. Ina jin motoci suna wucewa ta bayansa. Ya ce zai ari mota, zai tafi da surukinsa, don a yi wa Yaya tarbar girma. Ranar na sayi kaza rabi na hau da ita ɗaki na ci ni kaɗai, ina ta yaba wa kaina. Na ce ƙarya ce ta gyara zumunci, malamai ma sun yi sassauci a kanta.

Abin da ban tuna ba ƙarami ne. A takardar nan akwai gurbin da ake rubuta wanda ya biya da garin da aka biya. Ni na cika shi da hannuna, kamar kowace rana, ina hira da wani mai neman kujerar Alƙahira. Na rubuta sunana, na rubuta Madina. Hannu ya saba, bai tsaya ya shawarci kai ba.

In mutum ya karɓi tikitinsa, lambar tikitin takan fito a na'ura a ƙarƙashin sunansa. Ran Laraba na duba, babu. Ran Alhamis na duba ya fi sau goma, babu. Ran Juma'a ba ma buɗewa sai bayan la'asar, amma ina da makulli, na sauko da hantsi na kunna na'urar, babu. Na ce wa kaina Yaya mutum ne mai son yin abu a ƙurarren lokaci, a filin jirgi zai karɓa. Ran Asabar na riga kowa zuwa. Ina lissafa agogonsu da namu, ina cewa yanzu ya fito gida, yanzu yana kan layi. Aka kira azahar, muka ja ƙofa muka tafi masallaci, kuma Allah ya gafarta min, ban san raka'a nawa na yi ba. Da muka dawo na danna sunansa. Na'urar ta nuna an soke kujerar, ba a karɓi tikitin ba, jirgin ya tashi.

Ran Lahadi wayar ta yi ƙara a lokacinta. Bai tambayi zafin Madina ba. Ya ce, "Na je ofishin ran Alhamis. Yarinyar ta juyo min takarda in sa hannu. Na iya karatu, ko ka manta?"

Na ce, "Yaya, Inna ce ta..."

Ya ce, "Kada ka sa Inna a cikin ƙaryarka. Na gaya wa matata ƙanena ya aiko a ɗauke ni. Na gaya wa mutanen masallaci. Ga kayan jinjira nan a jaka a ƙarƙashin gado." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ajiye wayar.

Auta ran Litinin ya bugo. Ya ce awa huɗu suka yi a tsaye a filin jirgi, shi da surukinsa, tsoho da farar jallabiya da sanda. Duk wanda ya fito sai tsohon ya tambaye shi, shi ne wannan? Ya ce, "Kai ka shirya wannan. Me na yi maka?" Ban ma tsaya na tambayi kaina yadda aka yi ya sani ba. Na fara bayani. Wannan karon ba katin ne ya ƙare ba, shi ya kashe.

Da farko fushi na yi. Na ce su je, ni da na yi don Allah, ni ne kuma mai laifi? Mutum biyu manya da gemu sun kasa ɗaga waya shekara biyar, sai ni da na yi gyaran gangar Abzinawa za a rataye? Fushin ya riƙe ni wata biyu, sannan ya sake ni. Na rubuta musu wasiƙa, kowa tasa, na ba da haƙuri ba tare da na kawo uzuri ba. Na aika musu dabino ta hannun masu umara. Ba amsa. Ƙaramar salla ta wuce, babba ta wuce. Ran Lahadi nakan ƙi fita cin abincin rana, in ce ba na jin yunwa, in zauna kusa da wayar. Takan yi ƙara, in ɗauka da sauri, sai in ji wani yana neman kujerar Alƙahira ko Karachi. Na yi kaɗaici a garin nan irin wanda ban san akwai shi ba, ga mutane dubbai suna shiga suna fita. Kuma abin da ya fi ci min rai, an ɗora min in haɗa biyu, na raba uku. Mai ofishin bai taɓa ce min ai na gaya maka ba. Tsokanar ma ya daina, ita ma na yi kewarta.

Wajen shekara uku bayan nan, an gama aikin hajji, alhazai sun cika Madina. A zamanin sai ka je ofishi an tabbatar maka da kujerar komawa kwana uku kafin tafiya, in ba haka ba ka rasa ta. Wani dattijo ya shigo da tikitinsa, daga Jidda zuwa Burusal. Ya ji na yi wa wani Hausa, ya tambaye ni mutumin ina ne. Na ce Damagaram. Ya tambayi unguwa, ya tambayi gida. Sai ya ja kujera ya zauna ya ce, "Ashe kai ne na Madina." Masallacinsu ɗaya da Yaya.

Ya buɗe jakarsa ya fito da ambulan. Ya ce hoto ne aka ba shi ya damƙa wa wani alhajin Damagaram ya kai wa gwaggonmu, amma bari in gani. Yaya ne a zaune, ya yi furfura a gemu. Auta yana tsaye a bayansa, hannunsa a kafaɗarsa. A cinyar Yaya wata yarinya ce mai kitso biyu, tana riƙe da hularsa. Goshin Inna ne sak.

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce ai tun ranar nan. Daga filin jirgin Auta ya shiga rumfar waya da zafinsa, ya buga wa Yaya ya tambaye shi don me zai tozarta shi a gaban surukinsa. Suka yi ta ihu har katin ya ƙare, ya sayo wani. A kati na uku suka gane duk yadda na haɗa abin. Da takardun Auta suka fito, ya ɗauki matarsa da 'yarsa suka hau jirgin ƙasa har Burusal, ya durƙusa a gaban Yaya. Yanzu duk salla tare suke yi. Dattijon ya ce labarin tikitin nan duk masallacinsu an san shi, in an zauna akan ba da shi a yi ta dariya. Yana faɗa yana dariyar, sai ya dubi fuskata ya daina.

Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Kayan da Inna ta ɗora min ya sauka, ko da ba ta hanyar da na so ba. Amma ba zan ɓoye ba, na ji kishi, na ji kamar an rufe ƙofa ina waje. Shekara uku ina kwana da tashi da baƙin cikin na raba su, su kuwa suna can suna cin abinci a kwano ɗaya. Na tambaye shi ko zai bar min hoton. Ya ce da nasa ne da ya ba ni, amma amana ce. Na ƙara kallonsa kaɗan, na goge inda yatsana ya taɓa, na mayar masa.

Na tabbatar masa da kujerarsa, na buga hatimi, na miƙa masa tikitin. Na raka shi har bakin ƙofa, abin da ba na yi wa kowa. Zafin titi ya buge mu. Na ce, "Alhaji, sun san za ka biyo ta Madina?"

Ya ce sun sani mana, yayan nawa ma shi ya kai shi filin jirgi.

Na ce, "Ba su ba ka wani saƙo ba?"

Ya duba jakarsa, ya taɓa aljihun gaba, ya kalli motocin da ke wucewa. Sannan ya ce, "Af, ka ga tsufa, na kusa mantawa. Sun ce in gaishe ka sosai da sosai."

Na san muryar, don na taɓa yin magana da irinta. Na ce masa ina amsawa, in ya koma ya gaya musu.